Shawarwarin Malamai Kan Koyar da Kiwon Lafiya a Ƙaramar Sakandare

Da malamai suka tattauna yadda za a koyar da kiwon lafiya ga 'yan shekara 11 zuwa 14, maganar balaga ce ta fi cin lokaci. Yaro a wannan mataki cike yake da tambayoyi, amma kunya ba ta barinsa ya ɗaga hannu. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a ajiye akwati a bayan aji, kowa ya jefa tambayarsa a takarda ba tare da suna ba, malami ya duba su a natse, ya amsa a darasi na gaba. An kuma jaddada a yi wa 'yan mata bayanin jinin al'ada tun kafin ya zo musu, a sanar da iyaye abin da za a koyar. Nan na fi ba da ƙarfi, domin firgicin yarinyar da abin ya riska ba ta san komai ba, ba ƙarami ba ne.

Kan barci, likitoci na ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga 'yan 13 zuwa 18. Maimakon dogon wa'azi, ɗalibai su rubuta lokacin kwanciyarsu da tashinsu na mako guda, su gani da idonsu yadda waya ke cinye musu dare.

Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 60 kullum.

An yi gargaɗi mai ƙarfi kada a auna nauyin yara a gaban aji, don tsokana daga nan take farawa. Yaron da ya yi shiru kwatsam ko ya janye daga abokai, a keɓe shi a ji damuwarsa, sannan a haɗa shi da mai ba da shawara na makaranta.