Wane suna za mu ba "squid" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Daren jiya ƙanena ɗan sakandare ya miƙo mini waya, ya ce, "Yaya, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na duba, na yi shiru. Halittar tekun nan ce da Turawa ke kira "squid", kuma abin ya dame ni, don yaro ya tambaye ni da harshenmu na rasa amsa.

Bidiyon da ya nuna mini, jirgin binciken Schmidt Ocean Institute ne ya ɗauko shi a watan Maris na 2025, kusa da tsibiran South Sandwich a kudancin Tekun Atilantika, a zurfin mita 600. Shi ne karo na farko da aka ɗauki nau'in da ya fi kowane nauyi yana raye a gidansa, shekara 100 bayan an ba shi sunan kimiyya a 1925, daga guntayen da aka ciro a cikin tumbin wel, wato ƙatuwar dabbar tekun nan. Sai ga shi ɗan jariri ne, santimita 30 kacal, tsawon rular ɗan makaranta, jikinsa garau kamar gilashi. Yaron ya ce, "Wannan ne ƙaton?"

Na ga wasu na rubuta "dorinar ruwa". Dorina da mai ita, a bar mata sunanta. Wasu sun ce "kifi mai hannu goma", amma ba kifi ba ne. Ba shi da ƙaya, zuciyarsa uku, jininsa shuɗi, bakinsa kamar na aku, kuma a dangi ya fi kusa da dodon koɗi. "Dodon ruwa" kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, zai mayar da shi tatsuniya. Haka Turawan arewa suka daɗe suna yi masa, matuƙan jirgi na ba da labarin dodon da ke nutsar da jiragen ruwa, har masanin Denmark Japetus Steenstrup ya ba nau'insa mai tsawo, wanda ya bambanta da na bidiyon, suna Architeuthis a 1857.

Aro ba laifi ba ne, mun ari kwamfuta ta zauna. To amma "sikwid" ba ya gaya wa kunne komai.

Ni shawarata "fesa-tawada". Idan aka tsorata shi, baƙin ruwa yake fesawa ya ɓace a ciki. Larabawa ma daga nan suka samo nasu, habbar, daga hibr, wato tawada. Ginin kalmar kuma namu ne, irin na dafa-duka da fasa-ƙwauri.

Wani malami ya yi mini gyara cewa ɗan'uwansa mai hannu takwas shi ma yana fesa tawada. Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara basira. Sai mu bar wancan da "mai hannu takwas", tunda shi takwas ɗin ke nan. Namu yana da hannuwa takwas, sannan da wasu dogaye guda biyu da yake wurgawa ya cafko abinci. Waɗannan biyun nake so mu kira "bulala".

A nan ne maganar take, don duk ruɗanin girmansa a bulalar nan yake. Idan ka ji an ce mita 12 ko 13, kada ka zaci gangar jiki ce ta kai haka. Gangar jikin da ƙyar take wuce mita 2. Kamar a auna guga ne har da igiyarsa a ce ga tsawon guga. Bulalar kuma tana miƙewa kamar roba bayan ya mutu. Wanda teku ya turo gaɓar New Zealand a 1887 an rubuta masa kusan mita 17, alhali gangar jikinsa ba ta kai mita 2 ba. Yawancin abin da aka sani daga gawarwaki ne irin wannan, don sai a 2004 Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori suka samu hoton nau'in nan mai tsawo yana raye, a zurfin mita 900 kusa da tsibiran Ogasawara na Japan. Ya yi ta fama da ƙugiyar da suka ɗana masa har bulala ɗaya ta tsinke, suka jawo ta tana motsi, tsawonta mita 5 da rabi. Bidiyonsa a can ƙasan teku sai 2012.

Manyan cikinsu nau'i biyu ne: Turanci ya kira ɗayan "giant", ɗayan "colossal". Mai fassara da gaggawa zai ce "ƙato" duka biyun, ya haɗe su. Hausa ta fi haka wadata, tana da kalma ga tsawo, tana da kalma ga nauyi. Na Japan ɗin, mai tsawo, da wuya ya wuce kilo 275, shi ne zungureren fesa-tawada. Na ruwan Antatika gajere ne a kansa amma ya fi shi kauri da nauyi: wanda masuntan New Zealand suka kamo a Tekun Ross a 2007 kilo 495 ne, kusan buhun shinkafa goma, yana nan ajiye a gidan tarihi na Te Papa a Wellington. Idonsa kaɗai ya kai girman faranti. Wannan shi ne jibgegen fesa-tawada. Da na faɗa wa yaron haka, nan take ya gane wanne ya fi wanne da me, kuma ya gane cewa ɗan jibgege ya gani a wayarsa.

Roƙona ga 'yan'uwanmu mazauna bakin teku, na Legas da Kwatano da Akra da Duwala, masu ganin ƙananansa a kasuwar kifi: idan akwai sunan da kuke kiransa da shi a tsakaninku, don Allah ku kawo. In ya riga ya zauna a bakin mutane, na janye nawa.