Ƙararrawar na'urar gano yoyon ruwa tana tashi alhali ƙasa a bushe take

Assalamu alaikum 'yan uwa masana, don Allah ku agaza min, abin nan ya hana ni barci.

Mun shimfiɗa igiyar gano yoyo mai tsawon mita 30 a ƙarƙashin daɓen ɗakin manyan kwamfutoci. Kusan kullum da asuba sai ƙararrawa ta tashi, allon ya nuna ruwa a mita 18. In na ɗaga daɓen sai in tarar wurin a bushe ƙayau, illa 'yar ƙura da ta manne wa igiyar daidai inda ta gilma ƙarƙashin bututun ruwan sanyi. Na goge ta, washegari ƙararrawar ta sake tashi.

Zargina gumin bututun ne ke ɗigowa, ya bushe kafin in iso. Amma ina tsoron rage ƙarfin jin na'urar, kada ranar da yoyon gaske ya zo ta yi shiru. Ƙara jinkirin ƙararrawa ya fi, ko in janye igiyar daga wurin?

Sannan kwamfutar sa ido ba ta ganin na'urar ta layin sadarwa na RS-485 sam, alhali duka biyun suna kan Modbus (tsarin da na'urori ke musayar bayanai da shi) a gudun aika bayanai na 9600. Me zan fara dubawa, adireshin na'urar a kan layin ko wayoyin A da B na RS-485 ɗin?