Yaya ake gina uwar mutane a ƙagaggen addini?

Marubuciyar Fagge: Jama'a, littafi nake rubutawa mai ƙagaggen addini. Yaya zan gina uwar da ta haifi mutane duka?

Ɗan Gwale: Malama, fara da 'ya'yanta. Uku sun isa: maƙeri, majemi, marini, kowa da zuriyarsa. Sai ki sa ta hana su abu guda, ki faɗi dalili. In babu dalili, mai karatu ba zai yarda ba.

Yayar Kurna: Ƙanwata, kada ki kira ta Hauwa ko Innar bori, za a ce addinin gaske kika taɓa. Ƙirƙiro suna.

Ɗan Gwale: Ki ba ta mazauni da mai tsaronta kuma. Dubi Tsumburbura, abin bautar Kanawa a zamanin da: itace ne cikin katanga, Barbushe, jagoran bautar, shi kaɗai ke shiga a lokacin.