Shin nazarin wasannin intanet yana iya zama sana'a?

Ɗalibar Jami'a:
Assalamu alaikum. Ina karatun tattalin arziki, kuma ina sha'awar wasannin intanet da dubban mutane ke bugawa tare. Shin akwai kamfanin da zai biya mutum don ya nazarci 'yan wasa ya ba da shawara?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai, kuma karatunki ya dace, domin a 2007 kamfanin CCP ya ɗauki masanin tattalin arziki ya sa ido kan kasuwar cikin wasansa na intanet mai suna EVE Online, inda farashi kan hau idan kuɗin wasan suka yi yawa a hannun jama'a. Kamfanin wasanni na Valve ma ya ɗauki masanin tattalin arziki Yanis Varoufakis a 2012, kafin ya zama ministan kuɗin Girka.

Tsohon Ɗan Wasa:
Malama, irin waɗannan gurabe ba su da yawa. Galibin aikin shi ne tace alƙaluma, ko zama bayan sabon ɗan wasa kina rubuta inda ya rikice har ya ajiye wasan. A ganina, ki ƙware a ƙididdiga tukuna, don shawara sai wanda ya daɗe a fagen ake nema.