Za mu kwana a tsohon gida a Natchez, bakin kogin Misisipi: wa ya taɓa yi?

Mai Goro na Yelwa, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san kudancin Amurka ce. Yarona na biyu zai gama karatu a wata jami'a a Baton Rouge, jihar Luwiziyana, cikin watan Mayu in Allah ya kai mu, kuma ni da uwarsa mun samu biza. Shekaranjiya ya bugo waya, wai in an watse daga bikin zai kai mu wani gari Natchez a jihar Misisipi mu yi kwana biyu a bakin kogin Misisipi. Na ce wane otel? Ya ce ba otel ba ne, gidan mutane ne, tsohon gida da ya haura shekara 150. Masu gidan suna ciki, suna ba da hayar ɗaki biyar ko shida, da safe su dafa karin kumallo a ci tare da sauran baƙi a teburi ɗaya. Na ce masa wato fatoma ke nan irin ta Turawa, ya yi ta dariya.

Kuɗin dare ɗaya dala 200 da 'yan kai. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Da na juya shi zuwa sefa sai da na cire hula na shafa kai.

Ni na kwana a oberj, wato ƙaramin masaukin baƙi, a Ngawundare ina jiran jirgin ƙasa, na kwana a Kuseri, na sauka a gidan maigidana a Kano shekara da shekaru lokacin ina fataucin goro. Duk na san kansu. Wannan ne ban sani ba. Me ake ci? Hajiya ba ta yarda da tukunyar da ba ta ga an wanke ba. Ina ake alwala? Kuma mu da muka tashi a bakin Binuwai, me kogi zai nuna mana da har za a biya wannan kuɗin?

Ɗan Binuwai a Hyuston:

Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun ƙanenmu. Ni na kwana a irin gidan a Natchez bara waccan, ni da iyalina, dare biyu. Bari in faɗa muku yadda muka yi, ku auna da kanku.

Daga Baton Rouge ku miƙe arewa a kan hanya mai lamba 61, kamar kilomita 145 ne, ba ya kai awa biyu a mota. Ya wuce nisan ƙasaru, sai ku sani. In tafiyar ta faɗo ranar Juma'a, ku yi sallarku a Baton Rouge kafin ku taso, akwai masallaci can. Alƙibla a yankin arewa maso gabas take, waya za ta nuna muku.

Garin yana kan wani tudu mai tsawo, kogin na can ƙasa. Ku ɗauka kuna tsaye a kan gadar Garwa a tsakiyar damina, ranar da Binuwai ya cika ya batse, to ku ninka faɗin, kuma shi ko da ruwansa ya ragu da rani, yana nan da girmansa, ba kamar namu ba. Dorina babu. Abin da za ku gani manyan kwale-kwalen ƙarfe ne an ɗaure su jere, jirgi ɗaya yana turo su daga baya, cike da hatsi ko gawayin ƙasa. Na zauna da la'asar sakaliya ina kallonsu, sai na tuna labarin da kakana yake ba mu na lokacin da jiragen ruwa suke hawowa daga Najeriya har tashar Garwa da damina su kwashi auduga da gyaɗa. Tsallaken gada kuma wata jiha ce daban, garin Vidalia na Luwiziyana, kamar Kuseri da Njamena, sai dai ba mai tambayar takarda.

Faransawa ne suka fara kafa sansani a wurin a 1716, su dai waɗannan da muka sani. Amma gidajen da ake kwana a ciki na kuɗin auduga ne, daga wajen 1800 zuwa 1860. Da aka yi yaƙin basasarsu, sojojin arewa sun kama garin a 1863 ba tare da sun ƙone shi ba, shi ya sa gidajen suke tsaye har yau. Tun 1932 matan garin suka fara buɗe su ga masu kallo duk bazara, kuma abin dariya, sunan da suke kiran wannan yawon shi ne kalmar da Turawa suke kiran aikin hajji da ita. Na ce wa matata ga wani hajjin da ba Arfa.

Maganar abinci. Baba, ku gaya wa yaro ya rubuta musu tun kafin ku iso, kada a bari sai an zauna. Mu mun yi sake, da safe ƙarfe takwas da rabi aka kaɗa ƙararrawa, muka sauko, sai ga faranti an jera ƙwai da siraran naman alade a gefe, mai yana naso har cikin ƙwan. Matar gidan ta ji kunya ƙwarai, ta kwashe, ta sake soya mana a wani kasko da man shanu. Akwai wani abu da suke ci kamar faten tsakin masara, fari, da gishiri da man shanu, wannan ba laifi, Hajiya za ta gane shi. Amma ɗan burodinsu mai laushi ku tambaya da wane mai aka kwaɓa, wasu da kitsen alade suke yi. Haka wake da ganye a gidajen abinci na cikin gari, sau da yawa da ƙashin alade ake dafawa. Abin da ya cece mu shi ne tarwaɗa, suna soya ta da garin masara, ba ta da maraba da ta tafkin Lagdo sai dai ba yaji. Miyar kuɓewa ma suna yi, har sunan da suke kiranta kusan gombo ne irin na faransancinmu, amma ita ma a tambaya me aka zuba.

Yanzu ga abin da ya sa na tsaya nake wannan dogon rubutu.

Da muka yi rajista a intanet, na zaɓi ɗaki mai sauƙin kuɗi. An rubuta wai yana wani ƙaramin gini na bulo a bayan babban gida, kusa da lambu. Ɗakin yana da kyau, gado mai rumfa da sai an taka ɗan tsani ake hawa, da na'urar sanyaya ɗaki. Washegari bayan karin kumallo maigidan ya zagaya da mu, yana nuna madubi daga Faransa, fitilun gilashi, kujerun da suka yi shekara 170. Da muka fito tsakar gida ya nuna gininmu ya ce nan ne madafa, sama kuma ma'aikata suke kwana. Wata baƙar tsohuwa daga Shikago da ke cikinmu ta ce masa, ma'aikata ko bayi? Ya yi shiru kaɗan, ya ce bayi. A saman nan muka kwana. Ta sa hannu ta nuna mana wani bulo a bango mai shatin yatsu uku, na wanda ya buga shi tun yana ɗanye. Yatsun ƙanana ne.

Daren na biyu ban yi barcin kirki ba. Ba tsoron aljanu ba ne, Baba, tunani ne. Da rana mun je wani wuri a gabashin gari da ake kira Forks of the Road, mararraba ce kawai, babu gini, sai wasu sarƙoƙi da mari da aka kafe cikin siminti. Daga 1833 zuwa 1863 nan ce kasuwar bayi ta biyu a girma a can ƙuryar kudu, bayan ta New Orleans. Tun daga Bajiniya ake koro mutane a ƙasa, a ɗaure, har nan.

Kuma akwai namu a ciki. Abdurrahman ɗan Almami Ibrahima Sori na Futa Jalon, a ƙasar Gini ta yau, Bafulatani mai karatu, an kama shi a yaƙi a 1788, aka sayar da shi ga wani manomi Thomas Foster kusa da Natchez. Shekara 40 ya yi yana bauta. Wasiƙar da ya rubuta da larabci ce ta kai hannun Sarkin Maroko, magana ta koma wa gwamnatin Amurka zamanin shugaba John Quincy Adams, aka sake shi a 1828. Bai iya fansar 'ya'yansa kafin ya tashi ba. Ya isa Laberiya a 1829, ya rasu a shekarar, bai sake ganin garinsu Timbo ba. Ina kwance ina tunanin mutumin nan yana neman alƙibla a wannan ƙasar ba waya, ba liman, ba mai amsa masa sallama.

Don haka ni dai ina ganin ku je. Amma yaro ya tambaye su ƙarara, ɗakin nan a babban gida yake ko a ginin baya, kuma da can su wa ke kwana ciki. In sun yi ta kwana-kwana, a nemi wani gidan, suna da yawa.

Inna Mai Kosai, Marwa:

Alhaji, barka da arziki. Ni 'yata ce ta kai ni irin wannan gidan, ba a Natchez ba, a wani garin dai na kudu. Saƙona ga Hajiya ne. Ta sa buta a cikin akwati tun daga Garwa, ƙaramar roba ta sefa ɗari biyar, don ba za ta samu ba. Kuma daɓen katako ne tsoho, har banɗakin, babu magudana a ƙasa. Ni da na yi alwalar asuba yadda na saba, ruwa ya bi ta tsakanin katako ya ɗiga a falon ƙasa. Wallahi kunya kamar in nutse. A tsaya cikin bahon wanka a wanke ƙafa, shi ke nan.

Ta tafi da yajinta da ɗan kilishi in an bari ya wuce, amma nama kam a filin jirgi ƙwacewa suke yi, gara yajin kawai. Kada ta kunna turaren wuta, akwai wani abu a rufi mai ihu in ya ji hayaƙi. Matakalar bene kuma tsaye take, in gwiwarta irin tawa ce a nemi ɗakin ƙasa. Sannan zafin can mai gumi ne, ba irin namu na Marwa mai busar da wanki kafin ka juya ba. Mayafi mara nauyi.

Malamin Tarihi, Njamena:

Ɗan Binuwai, na ji daɗin bayaninka, amma ban yarda da ƙarshensa ba. In ka san bayi ne suka buga bulon, me zai sa ka biya dala 200 ka kwanta a kai? Ka je ka gani da rana, ka karanta fatiha a mararrabar nan, ka kwana a otel na bakin hanya da rabin kuɗin. Akwai gidajen da ake shiga kallo kawai, kamar Longwood mai kusurwa takwas, wanda magina suka ajiye kayan aiki suka gudu arewa a 1861 da yaƙi ya tashi, har yau saman ba a ƙarasa ba. Akwai gidan William Johnson, baƙin wanzami da aka 'yanta tun yana yaro, wanda ya bar littafin da yake rubuta abin da ya faru kullum daga 1835 zuwa 1851. Shi ma, don ku ji, yana da bayi.

Kuma kada mu je can muna girgiza kai kamar mu ba mu san komai ba. A ƙarni na 19 Ngawundare da ganimar bayi ta yi ƙarfi, kowa ya sani. Mu nan Bagirmi da Wadai haka suka yi ta kai hari kudu, ƙasar Sara. Katangun fada da muke kai baƙi su ɗauki hoto, wa ya kwaɓa ƙasar? Bambancin kawai, su sun fara sa allo suna rubutawa, mu ko a zaure ba ma son a ɗaga maganar sai in ana neman aure.

Ɗan Binuwai a Hyuston:

Malam, maganarka ta biyu ba ni da ta cewa. Ta farkon kuwa, da a otel na kwana da ban haɗu da tsohuwar nan ba, da ban ga yatsun ba. Ita ma kuɗinta ta biya, kuma ta ce da gangan ta zaɓi ginin baya, don kakanninta daga wannan yankin suka fito. Mun yi hira har sha ɗaya na dare a baranda, sauro na cizonmu. Ta tambaye ni ko a garinmu ana sanin wanda kakansa bawa ne. Na ce mata ana sani. Ta ce to ana aurensu? Nan na ce mata dare ya yi.

Mai Goro na Yelwa, Garwa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Inna, Hajiya ta ji, har ta aiki jika kasuwa sayen buta, ta ce biyu za a sayo ko ɗaya ta fashe a jirgi. Malam, ka taɓa inda yake ciwo, ni kaina kakata ta wajen uwa akwai maganar da ba a yi a gabanta, sai bayan ta rasu muka gane dalili.

Na kira yaro ɗazu. Ya duba, ashe ɗakin da ya kama mana a ginin baya yake, shi ma sauƙin kuɗin ya bi. Ya ce a canza? Hajiya ta ce a canza, ni na ce a bari tukuna. Ɗan Binuwai, ka turo mini ta akwatin sirri yadda ake zuwa mararrabar nan daga tsakiyar gari, ko ana iya takawa da ƙafa bayan sallar asuba kafin su kaɗa ƙararrawar tasu.