Muna son gina abin tunawa da masu aikin sa-kai a unguwarmu, ta ina za mu fara?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lahiya. Shawara nika nema don wallahi kanmu ya ɗaure. Mu wasu matasa ne a wata unguwa a Sakkwato, mun jima muna zancen yin wani abu na tunawa da mutanen da ka yi ma jama'a aiki ba tare da ana biyan su ba. Abin da yat tada maganar, wani dattijo ne yar rasu watannin baya, shekara da shekaru shi ka haƙar kabari a maƙabartarmu, ko da asuba anka yi rasuwa ƙofarshi za a fara bugawa, amma ranar da anka kai shi sai munka ji yara na tambaya wai wane ne. Abin ya tsaya muna a rai. Daga nan sai lissafi yab ɓarke, masu jirgin da sunka riƙa fidda mutane lokacin ambaliyar 2010 da ruwa yat tahi da gadar hanyar jami'a, 'yan agaji da ka tsayuwa cikin rana ranar Idi da wurin jana'iza, matan da sunka bi gida gida kan rigakafin shan inna ana rufe musu ƙofa, da samarin da in an ce ana neman jini asibiti su hau kabu-kabu su tahi ba su ma san maras lahiyar ba.

Akwai ɗan fili a bakin hanya da wani bawan Allah yac ce in da gaske muke ya ba mu. Wasunmu na son doguwar hasumiya mai fitila da za a hango daga nesa, wani ma ya kawo hoton abin da yag gani a intanet na mutum-mutumin ɗan agaji ɗauke da yaro, limaminmu na ganin hoton yac ce a'uzu billahi. To mi ya kamata mu gina? Kuma kuɗɗin ta yaya za mu tara ba a zarge mu ba? Muna son buɗewa 5 ga Disamba tunda ita ce ranar masu aikin sa-kai ta duniya.

Almajirin Hubbare:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya sa haƙar da ya yi wa wasu ta zama sanadin yalwar nasa kabarin.

Ƙanena, maganar mutum-mutumi ku ajiye ta tun yanzu, liman ya yi gaskiya. Hadisin Sayyidina Ali na cikin Muslim kan kada a bar sura ba a shafe ta ba sananne ne, kuma ko ba ka je ga littafi ba ka duba garin nan da kanka. Shehu da Bello da duk girmansu da me ake tuna su? Masallacin Shehu, Masallacin Bello, sunan jami'a, sunan ƙofofi da unguwanni. Waɗanda suka faɗi a Giginya a yaƙi da Turawa ranar 15 ga Maris 1903 ba a sassaƙa hoton kowa ba, sunan wurin aka riƙe har yau. Wannan ita ce hanyarmu.

Ni da za ku ji tawa ruwa za ku yi. Sa'adu bn Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta uwar Sa'adu ce. Kun ga ga aiki ga suna a haɗe, babu wanda ya ce laifi ne. Batun rubuta sunaye kuma, riya tana zuciyar mai aiki ne, ku da kuka rubuta sunan wani don a yi masa addu'a ba ku sa shi riya ba. Sai dai masu rai a nemi izininsu, akwai wanda zai ji haushi ƙwarai in ya ga sunansa a bango.

Injiniya Arkilla:

Malam ya gama da ɓangaren addini, bari in shigo da na siminti da rodi.

Kafin ku karɓi ko naira ɗaya a hannun kowa ku fara da filin nan. "Na ba ku" na baki ba ya riƙe gini. A rubuta kyauta ce ko wakafi, mai filin ya sa hannu, manyan 'ya'yansa su shaida, mai unguwa ya sani, uban ƙasa ya sani. Na taɓa aikin wata 'yar makaranta haka, mun kai linta mai kyautar ya rasu, magada suka zo suka ce ba su san zancen ba, yau ginin awaki ke kwana ciki. Sannan tunda bakin hanya ne ku kai zanen hukumar tsara birane ta jiha su duba, don in kun shiga hurumin titi ko kan magudanar ruwa wata rana za ku wayi gari da jan fenti a bango, kuma ba ruwan katafila da cewa aikin lada ne.

Hasumiya ba ƙaramin abu ba ce kamar yadda ake gani a hoto. Abu siriri dogo iska ce abokiyar gabarsa, kun san iskar farkon damina a nan yadda take kwashe kwano, to rabin kuɗin a ƙarƙashin ƙasa zai tafi inda ba mai gani. Amma ga dabara, in kun bi shawarar ruwa ai dole ku ɗaga tanki sama, to ku mai da ginshiƙin tankin shi ne hasumiyar. A zagaye shi da bulo ko jan dutsen nan namu, a yi masa ado irin zanen ƙofar gari, a sa fitilar sola a kai, allon sunaye a jikinsa, famfuna a ƙasa. Masu son a hango daga nesa sun samu, masu son lada sun samu. Ku dai tuna lita dubu na ruwa tan ɗaya ne, tanki mai lita 5,000 tan biyar ke nan a saman kawunan yara masu ɗibar ruwa, saboda haka wannan ba aikin da za a bar wa birkila ya yi da ido ba ne, a samu injiniya mai rajista ya yi lissafin rodi da zurfin tushe. Kuma kafin a kira masu haƙa bohol a kira masu auna ƙasa su ga ko akwai ruwa a wurin da nisan da za a je.

Kankare na gama-gari 1:2:4 ne, wato buhu ɗaya na siminti (kwanon sarki biyu ke nan), kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. A sa mutum ɗaya aikinsa kawai ƙirga kwano, don nan ne ake cin amana ba a kasuwa ba. Bayan an zuba a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai a rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu, sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, kafin nan kada a ɗora tanki. Kada ku yi zubi a watan Afrilu da tsakar rana zafi ya haura 40, ruwan zai gudu kafin simintin ya sha, kuma hunturu ma yana busar da shi da sauri. Siminti kuma duk da ga masana'anta nan Kalambaina kusa da mu, kada ku saya ku jibge, in ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa raguwa yake. Rodi da bulo su za ku fara saya in kuɗi sun shigo tunda ba sa lalacewa da wuri kuma farashi ba ya jira.

Allon sunaye a yi na dutse a sassaƙa, kada a yi na tagulla ko alminiyam, 'yan gwangwan za su raba ku da shi cikin sati. Haka farantan sola, a yi musu keji da walda.

5 ga Disamba kuwa, sai dai in ta baɗi.

Maman Ɗiya, Runjin Sambo:

Ɗana Allah shi yi albarka. Ni kan kuɗɗi zan yi magana don na sha wuya a kai. Kada ku yarda ku fara da babban taron ƙaddamar da asusu, a kama holi a yi hayar kujeru da lasifika a gayyato manya. Mun yi haka a ƙungiyarmu ta mata, kowa yat tashi yak kama makirfo yay yi alƙawali anka yi ta tafi, da munka koma gida munka lissafa abin da ash shiga hannu bai biya lemun da anka sha ba, sauran kuwa munka yi ta zarya gidajen mutane har maigadi ya gane mu daga nesa yana cewa Alhaji ya yi tafiya. Alƙawali ba kuɗɗi ba ne. Wanda yac ce zai ba da, ku ce ya kai buhun siminti goma wurin aiki ko tifar yashi, wannan ya fi sauƙin fita hannun mutane kuma ba a iya cewa kun cinye.

Asusu kuma kada ya zama na mutum ɗaya ko da waliyyi ne. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, akwai bugawa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, shi ya sa nika ce ku fara yanzu, sannan ku buɗe asusun banki da sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kuɗɗi ka fita. A sa dattijo ɗaya, a sa mace ɗaya. Dut ƙarshen wata a liƙa takardar shiga da fita a ƙofar masallaci a tura a guruf na WhatsApp, har kuɗɗin abincin lebura. Kuma ku ware wani abu gefe da ba za a taɓa ba sai gyara, bohol nawa ne a garin ga sunka mutu saboda ɗan famfo ya ƙone ba mai saye?

Sai abu guda da ya ɗan sosa mini rai, kun ambaci mata a layi ɗaya kun wuce. Aikin sa-kai a ƙasar ga ai mata sun daɗe suna yin shi da tsari. Nana Asma'u 'yar Shehu ita ta shirya ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato jagororinsu, tana ba su malfa da jan rawani, suna tahiya ƙauyuka a ƙasa suna karantar da mata, ba albashi ba alawus. Jikokinsu ne waɗanga da kunka ce ana rufe ma ƙofa, kuma da wahalarsu anka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da anka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ga masu wankan gawa, ga ungozoma, ga masu dafa abincin gidan rasuwa kwana uku. In za a sassaƙa suna a fara da su.

Sarkin Gardama:

Ku yi haƙuri ni ban gamsu ba. Dattijon nan da ya rasu ya bar iyali ko bai bari ba? Wa ke ba su hatsi? 'Yan agajin unguwarku suna da makara mai kyau, suna da akwatin magani, takalmansu fa? Ku je ku tambaye su tsakanin hasumiya da waɗannan wanne suke so mu ji. Kuma ku yi hattara da kalmar da za ku rubuta, yanzu a Sakkwato da Zamfara in ka ce 'yan sa-kai ba mai haƙar kabari ke zuwa wa mutane a rai ba, masu bindiga a daji suke tunawa. In kun rubuta 'yan agaji kuma za a tambaye ku na wace ƙungiya, masu wane kalar kaki. Rigimar sunaye kaɗai ta isa ta raba unguwa, a sa na wane a bar na wane, ɗan siyasar da ya ba da siminti ma zai so nasa a sama da manyan baƙi.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, na karanta ma 'yan kwamiti dut jiya bayan isha'i. Malam mun bar zancen mutum-mutumi, mai hoton ma ya goge shi. Injiniya mun ɗauki shawarar tanki, kuma yau da safe mun tahi wurin mai filin, ya ce a zo da takarda ranar Juma'a ɗiyanshi biyu suna gari. Inna kin yi gaskiya, kunya ta kama mu, a kwamitinmu na mutum tara ba mace ko ɗaya, za mu gyara.

Yaya Sarkin Gardama, maganarka ita ta fi daɗe muna, har anka ɗan ɗaga murya. Iyalin dattijon akwai su kuma ba mu taɓa leƙa su ba tun addu'ar bakwai, mun yanke gobe za a kai musu abin da anka samu daga aljihunmu ba daga asusun gini ba. Wani ya kawo shawara in ruwan ya samu a riƙa karɓar ɗan abu hannun 'yan ga-ruwa, rabi gyara rabi kayan aikin 'yan agaji, ba mu dai gama ba. Sunaye kuma an rabu biyu, wasu sun ce waɗanda sunka rasu kawai za a rubuta, wasu sun ce kada a sa sunan kowa a rubuta ayyukan dai, masu haƙar kabari, masu wankan gawa, masu ba da jini, haka har ƙasa, da boko da ajami. Sunan mai ba da kuɗɗi kam mun haɗu a kan ba ya hawa bango.

Injiniya, auna ƙasar nan ta ruwa kamar kwana nawa taka ɗauka, kuma za mu iya shuka bedi, wato dogon yaro, a gefe tun yanzu ko saiwarshi za ta dami tushen ginin?

Injiniya Arkilla:

Yini ɗaya ne a fili, rahoton ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Bedi ku shuka amma ku ja shi nesa da ginshiƙi da bututu kamar taku goma, ku kewaye da ƙaya saboda awaki. In takardar filin ta fito ka sa hotonta a nan, zanen ni zan yi muku ba sai kun biya ba.