Limbo: mutuwa ta shida ta hana ni sakat, ku ba ni shawara

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da matsala da Limbo, wasan nan na baƙi da fari da kamfanin Playdead na ƙasar Denmak ya fitar a 2010, na yaron da ke neman 'yar uwarsa. A Steam, manhajar sayen wasanni ta kwamfuta, nake buga shi, a laftof. Daga cikin lambobin yabo 13 na samu 11, har da duk na ɓoyayyun ƙwayayen nan. Saura DING!, ta gama wani ɓoyayyen sashe na wasan, da kuma No Point in Dying, wadda sai ka gama wasan gaba ɗaya a zama guda ba tare da ka mutu fiye da sau biyar ba. Ita ce ta zame min ƙarfen ƙafa. Sau tara ina gwadawa. Jiya na isa wajen zartuna na ƙarshe da mutuwa huɗu, hannuna ya jiƙe da gumi, na mutu sau biyu a jere cikin minti ɗaya. Wallahi rufe laftof ɗin na yi na fita tsakar gida na zauna. Shekaranjiya kuwa wuta aka ɗauke, batirina kuma ya riga ya tsufa. Wa ya taɓa cin wannan abu, ta yaya?

Habu Mai Waya: Wa alaikumus salam. Lambar da ba a sayen ko ƙosai da ita kake wa wannan wahalar? Ka gama wasa, ka ga ƙarshe, ka tafi wasan Inside na 2016, su ne dai suka yi shi.

Sadiq: Habu, ban tambaye ka kuɗin ƙosai ba.

Yaya Nura: Ƙanina, ni na ci ta, kuma na ga inda kake kuskure. Kullum daga daji kake farawa, ko ba haka ba? To sashen gizo-gizo da tarkuna ka maimaita shi sau tara, ka haddace shi kamar karatun allo, amma wajen da ke kashe ka sau nawa ka gan shi? Biyu ko uku, kuma a gajiye. Ka bar zama guda ɗin nan na mako ɗaya. Ka shiga wajen zaɓen babi, ka ɗauki na ƙarshe-ƙarshen, inda ake danna alamar kibiya sama ta koma ƙasa. Kowane babi sai ka wuce shi sau biyar a jere ba mutuwa kafin ka matsa gaba. In ka faɗi a na huɗu, lissafi ya koma farko.

Sannan ka raba mutuwar nan biyar kamar kuɗin cefane. Daji, da yaran nan masu harbi da kibiyar busawa, da wajen ruwa: sifili. In ka mutu sau biyu kafin ka kai allon HOTEL, kada ka yaudari kanka, sake farawa ya fi sauƙi. Ni ɗaya na ware wa allon, saboda harafin da lantarki ke kamawa yana saki, ragowar huɗun na ajiye wa masana'anta. Kuma wasan ba ya nuna maka adadin mutuwarka, don haka ni ƙwayar dabino biyar na ajiye gefen kibod, duk mutuwa in ture ɗaya. Ranar da na gama biyu suka rage.

Maryam: Abin da Yaya Nura bai faɗa ba shi ne kunne. Ka sa abin ji a kunne, ka daina buga shi da lasifikar laftof fanka na kaɗawa. Kusan duk abin da ke kisa a Limbo yana da sautinsa: lantarkin allon yana ƙara kafin ka taɓa shi, injinan kuma suna tafiya ne a kan ƙa'ida kamar dakan sakwara. Ni da baki nake ƙirgawa, har Umma ta leƙo ta ce da wa nake magana. Ka kuma kula da wuraren da ka raina. Ƙarafan nan biyu masu faɗowa su murƙushe mutum, na farko tudun tsakiyarsa ne wajen tsira, na biyu kuma shi ne tarkon. Na san haka sarai, amma gaggawa ta sa na taka shi a zaman da nake ganin na fi kowane kyau.

Sadiq: Anti Maryam, nan ma ya taɓa cin ni, kunya ce ta hana ni faɗa. To tsutsar nan mai haske da ke maƙalewa a ka fa? In ta kama ni sai in rikice.

Maryam: Ba ka da ikon tsayawa ko juyawa, amma kana iya rage sauri. Danna ɓangaren da ya saba wa inda take jan ka, yaron zai rage tafiya, ka samu damar ganin ramin da ke gaba. Haske ne kawai ke juya ta.

Yaya Nura: Maganar wuta kuma: wanda ya san hanya, awa ɗaya da 'yan mintuna ta ishe shi. Ka cika caji, ka rage hasken allo, ka fara bayan Isha'i lokacin da ba mai aikenka. Dakatar da wasan ba ya ɓata komai, fita ko tsallaka babi ne ke ɓatawa. Kafin tsallen ƙarshe, wanda yaron ke fasa gilashi, ka dakatar, ka goge hannu, ka sha ruwa. A wannan zaman kuma ka manta da ƙwai, ba su cikin sharaɗi.

Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. DING! ɗin fa, in bari sai na gama wannan?

Yaya Nura: A'a, fara da ita ka huta. Tunda ƙwanka goma sun cika, koma inda ka samu ƙwan lambar Alone in the Dark, ƙofar ɓoyayyen sashen ta buɗe. Ciki duhu ne kusan gaba ɗaya, da kunne ake tafiya, kuma ko sau ɗari ka mutu ba mai ƙirga maka.

Habu Mai Waya: In ka ci, dabinon da ya rage ni za ka ba.